Shekara Shida da Fanna Ta Kira Sunan Ɗanta

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanwata Fanna. Kafin in ce komai zan faɗi waɗanda suke cikin ɗakin ranar, don maganar da ba ta da shaida iska ce. Akwai ni, Kellu, yayarta. Akwai mijinta Malam Ari, yana zaune a bakin ƙofa da carbi, rabin jikinsa a waje. Akwai Ya Amsa, maƙwabciyarmu tun muna ƙauye, wadda ta yi mata wanka daga baya. Sai Hadiza, malamar asibiti da aka turo daga Maradi, tana haya a gidan da ke jikin namu nan Diffa. Mu huɗu, Fanna ta biyar. Malam Ari ya bi matarsa bayan damina biyu. Ya Amsa ta koma bakin ruwa, ban ƙara jin ɗuriyarta ba sai a bakin mutane. Saura ni da Hadiza, kuma ita ce take rubuta wannan da hannunta, don ni ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya.

Abin da muka shaida bai da yawa. Bayan la'asar Fanna ta ce a miƙo mata salularta. Ta danna da kanta, ta kai bakinta, ta kira sunan ɗanta na fari. Malam Ari ya sunkuyar da kai. Ya Amsa ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce to, sai me? Mahaifiyarmu ƴar Damagaram ce, ta raine mu da kunya mai tsanani. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Da aka yaye yaron ni na ɗauke shi, don Allah bai bar mini nawa ba. A bayana ya yi wayo, Iya yake ce mini. Fanna kuwa in za ta yi maganarsa sai ta ce, “Yaya, ɗanki ya ci abinci?” Ko mahaucin ƙauyenmu da suke suna ɗaya ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce mai nama. Sunan yaron Bukar. Na sa shi a jarida ba fargaba, don in ka tsaya tsakiyar kasuwar Diffa ka kira Bukar, rabin kasuwa ne zai waiwayo. Sauran sunayen da za su iya jawo wa wani wahala kam na sauya su.

Muna noman tattasai a bakin Komadugu, ƙasa da Shetimari. Ranar da aka ce kowa ya bar bakin ruwa, Bukar yana tsallake, ya je karɓo banda. Shekararsa goma sha bakwai, muryarsa ba ta daɗe da fashewa ba. Muka jira har aka fara kora da bakin bindiga. Muka taho da abin da kai zai ɗauka. Daga baya wani ya ce ya gan shi a bayan motar ƴan daji, masu tada ƙayar baya, hannu a ɗaure. Wani ya ce a'a, ba a ɗaure ba. Wani ya rantse ya gan shi yana su a tsibiran tafki. Yau fiye da shekara goma, ba gawa, ba sallama. Wanda ya mutu an san inda aka kwantar da shi. Namu ba mu san ko gaisuwar mutuwa za mu karɓa ko ƙofa za mu bari a buɗe ba.

Fanna ta sayar da abin wuyanta na aure ta sayi salula mai shafawa. Ita ta yi lakwal kaɗan, tana haɗa baƙi. Na yi mata faɗa, na ce mutane suna neman gero ke kina sayen madubi. Cikin ƴan watanni ta shiga abin nan da yara suke ce wa grup, ita kuma take ce masa zaure, wurin da mutane da yawa suke haɗuwa cikin waya, kowa ya jefa maganarsa kowa ya ji. Ta shiga ya fi a ƙirga. Amma ga inda gizo yake saƙa: ta san zaurukan, ba ta iya faɗin sunan. Mai cigiya kuwa dole ya faɗi abin da ya ɓata. Sai ta riƙa zuwa ɗakina, ta zauna kusa da ni, ta danna ta riƙe, ta miƙo mini. Ni nake magana. “Bukar ɗan Ari, Iya Kellu ce. Muna Diffa, bayan kasuwar dabbobi, gidan da darbejiya ta karkata. Mahaifiyarka tana gaishe ka.” Ita tana kallon bango kamar ba da ita ake ba.

A nan na ga abin da ban san ƙanwata tana da shi ba. A ƙauye in an shanya tattasai, Fanna ce ake kira ta ware shi. Hannunta yana tafiya cikin tari, ja mai ƙyalli gefe, mai tabo gefe, wanda rana ta cinye har ya yi fari gefe, bakinta kuma yana hira. Haka ta ware zaurukan nan. Ba ta duba sunan da aka sa wa zaure ko hoton da aka liƙa masa. Cewa take, ki jefa masa kuka, ki ga abin da zai yi da shi.

Akwai wanda take kira zauren amin. Na wa'azi ne, da na dangi, da na matan Islamiyya. Mutanen kirki ne, ba na raina su. Kina jefa cigiya sai amin ya zubo kamar ruwan farko, Allah ya bayyana, Allah ya bayyana, har ki ji sanyi a ranki. Kafin gari ya waye amin ɗin da kansa ya binne saƙon, ba wanda zai tona.

Zauren ƴan gari kuma ta ce rijiya ce. Kowane ƙauye da aka tasa ya buɗe nasa, namu ma muna da shi. Duk wanda yake ciki kin san shi, kin san uwarsa. Abin da kika sani shi suka sani, ruwan da kika zuba shi za ki ja. Kuma kowa yana da nasa ɓataccen. In kika daɗe kina kuka a can, sai wata ta tuna miki ita uku ta rasa. A nan ne ma aka fara yi mana raɗa, cewa ɗan Ari ba kama shi aka yi ba, bi ya yi. Fanna ta ji, ta kashe salula yini guda, washegari ta kunna.

Na kasuwa ta fi girmama shi, na masu tattasai da masu banda da direbobi. Da kunne ɗaya suke jin ki, ɗayan yana kan farashi, amma ƙafarsu tana zuwa inda tamu ba ta zuwa. Wani direba ne ya ce mana akwai Bukar a sansanin Sayam, ɗan bakin ruwa, mai tsaga a goshi. Muka hau bayan mota cikin rana muka je. Aka fito mana da yaro dogo, ya dube mu muka dube shi. Ɗan wata ne. Shi ma ya zaci tasa uwar ce ta zo. Fanna ta kwance ƙunshin dabinon da ta riƙo ta ba shi, muka juyo Diffa.

Bayan Sayam ne ta shiga zaurukan masoya, kuma a nan muka yi faɗan da ya fi kowane. Masoyan mawaƙa, masoyan ƴan ƙwallo, masoyan ƴan kokowa. Salula ta riƙa fitar da ganga da ihu a cikin gidan malami. Na ce, Fanna, ki ji tsoron Allah, mace da furfura a zauren ƴan tasha? Ta ce, “Yaya, zauna in gaya miki. Zauren gari jini ne ya tara su. Na kasuwa riba ce. Duk sai an tambayi ɗan wane ne kai. Nan kuwa ba mai tambaya. Ka ce kana son wane, shi ke nan, ka zama ɗan gida. In ɗanki yana raye kuma yana jin kunyar fuskarsa, ina kike jin zai zauna?”

Na san abin da take nufi. Akwai wani ɗan kokowa na wajen Maine, zan ce masa Tsaga-Ruwa. Bukar tun yana ƙarami ba shi da magana sai tasa. Yakan ɗaure tsummokara a damtse ya ce layu ne, ya tsaya a kan yashin kogi yana yi wa kansa kirari, ya kama ɗan akuyata ya kayar. Na sha dukansa a kan akuyar nan.

Ko masoyan ba ta bar su a dunƙule ba. Ta ce akwai zauren kirari, yabo kawai, wanda ya kawo wata magana a kore shi. Akwai na gardama, inda masoyan wannan da na wancan suke kwana suna zagin juna, ta ce can ko gawa ka shigo da ita sai sun tambaye ka bayan wa take. Sai wanda ta fi so, zauren ajiya, na mutanen da gwaninsu ya tsufa ko ya daina, suna ta maimaita tsofaffin karawarsa, suna tuna shekarar da ya yi kaza a filin kaza. Ta ce waɗannan ba kokowa suke kallo ba, ƙuruciyarsu suke kallo, shi ya sa suke da haƙuri da mai neman abin da ya ɓace. Zauren Tsaga-Ruwa irin wannan ne. Kuma ta ce a kowane zaure, ko na wane iri ne, mafi yawan mutane ƴan laɓe ne: suna ciki, suna ji, ba sa cewa uffan.

A cikin ƴan laɓen zauren Tsaga-Ruwa ta gano wata lamba. Salula tana nuna wa mai saƙo waɗanda suka saurara. Fanna ta lura duk sanda muka jefa cigiya, akwai lambar da take saurara tun kafin kowa. Ba hoto, sai kan mutum fari ba fuska. Farkonta ba irin na ƙasarmu ba ne, ƙarshenta kuma bakwai uku a jere. Da yake ban san baƙi ba, ta ce mini, “Ki duba fartanya uku, Yaya.” Ta kama yatsana ta koya mini inda ake dannawa a riƙe, da inda ake taɓawa sunaye su fito, har na iya.

Sau ɗaya ta kasa daurewa ta kira lambar kai tsaye. Ta yi ƙara, aka katse. Kafin magariba fartanya uku ta fita daga zauren. Damina ta zo ta wuce babu ita. Ban taɓa ganin mutum ya rame kamar yadda Fanna ta rame a watannin nan ba, ina jin a nan ciwon ajalinta ya samu ƙofa. Sai da sanyi ya shigo, aka fara kokowa, lambar ta dawo da kanta, don lokacin ƙofar zauren a buɗe take, duk mai so yana shiga. Fanna ta ce, “Daga yau ba kira, ba saƙo a keɓe. Tsuntsu ne, a zuba masa tsaba a fili, kada a miƙa hannu.”

Shin Bukar ne? Ban sani ba. Zai yiwu wani ne mai yawan riƙe waya. Zai yiwu wani Bukar ɗin ne, ɗan wata, irin na Sayam, yana jin daɗin a kira sunansa da muryar tsohuwa. Na faɗa wa kaina wannan ya fi sau dubu. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

To, ranar da na fara ba ku labari, ga abin da Fanna ta faɗa cikin salula: “Bukar. Bukar, ni ce. In ka ji wannan na riga na tafi. Ban taɓa kiranka ba, ba don ba na so ba. Duk abin da ka yi, ko aka sa ka ka yi, na yafe. Ka nemi Iyarka.” Ba ta aika ba. Ta sa Hadiza ta adana shi a cikin wayar, ta damƙa mini, ta ce, “Kada ki sake shi sai in ba wata hanya. In ya san na mutu, me zai tsaya saurara?” Ba ta kai isha ba.

Da yake tun farko muryata ce a cikin cigiyar, mutuwarta ba ta sauya komai a kunnen zaure ba. Duk shekara in an fara kokowa ina jefa saƙo. Ba na ƙarya, ban ƙara cewa tana gaishe shi ba. Cewa nake, “Salular mahaifiyarka tana kunne.” Kuma tana kunne. Gilashinta ya tsage, ba ta riƙe wuta, na ɗaure ta da roba, amma ban bar ta ta mutu ba ko yini ɗaya. Duk shekara fartanya uku tana saurara.

Ina yawan tambayar kaina me Fanna za ta ce da ta ga yau. Zaurukan da ta sani rabinsu sun zama kango. Yara sun koma wani wuri inda hotuna masu motsi suke zubowa ba ƙofa ba mai gida, wayar ce da kanta take zaɓa maka abin da za ka gani, ka so wannan da safe ka manta shi da rana. Ina za ka jefa cigiya a kasuwar da ba ta da rumfa? An kuma samu wani iri da ba ta san shi ba, masu bin cigiyar mutane suna kira, su ce ɗanki yana hannunmu a asibiti, ki turo. Sun kira ni. Na ce su tambaye shi sunan akuyar da yake kayarwa, suka kashe. Ina jin da tana nan da ta samo musu suna, ta ware su gefe kamar ruɓaɓɓen tattasai. Abin da na tabbata zai ƙona mata rai shi ne yadda tsoro ya koya wa mutane warewa. Ita takan kasa zaure kashi-kashi, ta ce wannan yana da amfaninsa, wancan ma haka. Yanzu kashi biyu ake yi: wanda aka sani da wanda ba a sani ba.

Wannan shi ya iso zauren Tsaga-Ruwa bana. Tsohon da ya buɗe shi idonsa ya mutu, ya miƙa wa wani da zan kira Idi, mai rumfar cajin waya a bakin tasha, mutumin Tawa ne da ya biyo wansa soja ya zauna. A wurinsa nake caji. Kwanakin baya jandarma suka ɗauke shi suka yi masa tambayoyi, saboda a wani zaure da yake riƙe wani ya sa hoton motocin soja a kan hanya, kuma ba a san mai lambar ba. Sun sake shi, amma ya dawo ba Idin da na sani ba. Ya rufe ƙofar zaure, ba mai shiga sai shi ya sa shi. Sannan ya yi shela: ranar Juma'a bayan an sauko zai yi shara. Duk lambar da ba ta taɓa magana ba, waje. Wadda ta yi magana ma, in ba a san ta ba, sai wani sananne ya tsaya mata da bakinsa a gaban kowa, in wani abu ya taso shi za a nema.

Ban ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Amma na ji shelar nan kamar an ce mini ranar Juma'a za a sake tashin ƙauyenmu. In aka cire fartanya uku, ƙofa a rufe take, ba dawowa. Kiranta kuma na ga abin da ya haifar.

Na yafa mayafi na same shi a rumfa, wayoyi sun kewaye shi kamar kaji a akurki.

“Iya, yau ba ranar cajinki ba ce.”

“Ba caji ya kawo ni ba. Mutanen da ba sa magana, me suka yi maka?”

“Ba su yi mini komai ba, shi ne abin tsoron. Mutum ya shekara biyar a zaurenka ko tari bai yi ba? Ko aljani yana atishawa.”

“Ni na shekara talatin a gidan miji, surukina bai san muryata ba. Ɗan leƙen asiri ce ni?”

Ya yi dariya, ya ce, “Ke Iya, tsakani da Allah, kin ma taɓa ganin Tsaga-Ruwa?”

“Na san shi tun ana kayar da shi, lokacin kai kana tsotson yatsa a Tawa.”

“Na yarda. Amma ranar da aka zo aka ɗauke ni, ba wanda ya bi ni cikin motar. Ina da ƴaƴa, Iya. Ko akwai wanda kike jin wa a cikinsu? Ki faɗa mini lambar.”

In na ce masa ina zaton ɗanmu ne, wanda ake raɗe-raɗin an gani a motar ƴan daji, ba zai jira Juma'a ba, a gabana zai cire shi, kuma mai yiwuwa ya kai lambar inda aka kai shi. Na ce masa babu. Na tashi.

Na koma gida na gwada da tawa muryar. Na ce, “Bukar, Iya ce. Za a yi shara. In kana ji, ko sallama ce ka yi, ba wanda zai tambaye ka komai.” Na duba. Fartanya uku ta saurara. Na jira yini, na ƙara wani. Ƴan zaure suna ta fitowa daga laɓe, wannan ya ce ga ni, wancan ya yi kirari, har wani ya yi kukan jaki don a san yana nan, aka yi ta dariya. Ita shiru.

Ranar Alhamis na zauna ƙarƙashin darbejiya da salula a cinyata, tun azahar. Hanya biyu ce, kowace da raminta. In na saki saƙon Fanna, zai san ta mutu, zai san shekaru ina ɓoye masa, zai iya fita da ƙafarsa kamar wancan karon. Kuma maza ɗari da wani abu, baƙi, za su ji abin da ƙanwata ta ɓoye duk rayuwarta, har da kalmar nan ta “duk abin da ka yi”, wadda mai hankali zai gane inda ta dosa. In ban saka ba, gobe tsintsiya. Na tuna mahaifiyarmu da kunyarta, na ce ki yafe mana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka yi la'asar na kira Hadiza ta nemo saƙon. Ta ce, “Iya, kin tabbata?” Na ce ban tabbata ba, aika.

Can sai zauren ya fashe. Masu kirari, masu gardama, mai kukan jaki, duk suka koma Allah ya jiƙanta. Wani dattijo daga Agadas ya yi kuka a fili. Zauren kokowa ya zama zauren amin, na ce Fanna, wannan kam ba ki lissafa shi ba. Ni ba su nake saurara ba. Na danna na riƙe, na taɓa, sunaye suka fito. Ta saurara. Na duba ko ta fita. Tana nan.

Dab da magariba saƙo ya shigo da farin kai ba fuska, fartanya uku a samansa. Gajere ne, bai fi numfashi biyu ba. Iska tana kaɗawa, akwai ƙarar inji a nesa, irin na ban-ruwa ko na jirgin ruwa, ban rabe ba. Muryar namiji, mai kauri, a shaƙe. Ya ce, “Allah ya jiƙanta.” Shi ke nan.

Na saurara har wutar salula ta kusa ƙarewa. Ku da kuke karanta wannan, ina so ku ji abin da ya fi mini ciwo: ban gane ba. Ni na goya yaron nan, na san kukansa cikin kukan yara goma. Amma muryar da na sani ta ɗan shekara goma sha bakwai ce, mai karyewa a tsakiya. Wannan ta magidanci ce. Na sa a kunnen dama, na sa a na hagu. Wani sauraron in ce shi ne, ga yadda yake jan ƙarshen magana irin na ubansa. Wani sauraron in ce kowane namiji a ƙasar nan haka yake faɗin kalmomin nan uku. Malam Ari da zai taya ni ji yana ƙasa. Fanna, wadda ba ta taɓa kiransa ba amma take gane takunsa tun daga bakin kogi, tana ƙasa. Hadiza ba ta taɓa ganinsa ba.

Me ya rage na Fanna bayan shekara shida? Gonar tattasai ta zama daji. Abin wuyanta ya zama salula mai tsagagge gilashi. Ba ta bar ɗaki ba, ba ta bar garke ba. Ta bar mini ido, yadda in na shiga taro, na waya ko na biki, nakan duba bayan masu surutu in nemi wanda ya yi shiru, in tambayi kaina me ya hana shi magana. Ta bar sunan ɗanta sau biyu da muryarta, yanzu yana cikin wayoyin mutanen da ba su taɓa ganin ta ba, daga nan har inda ban sani ba. Ko ya isa kunnen da aka yi shi dominsa, Allah ne masani. Ni dai an bar ni da rabin sharaɗin Idi: lambar ta yi magana, saura wanda zai tsaya mata.

Washegari Juma'a na yi sallar asuba, na share tsakar gida, na ɗaura zanen da nake zuwa gaisuwa da shi. Na sa goro da ɗan bargo a jaka, don na ji an ce inda suke ajiye mutane akwai sanyi. Na je rumfar Idi na zauna a kan bencinsa kafin ya buɗe. Da ya zo na miƙa masa salula na ce ya sa mata wuta, kuma ya tsaya ya ji da kunnensa. Ya dube ni, ya dubi jakar.

“Iya, wanda ya yi magana jiya ne? Kin san shi?”

Na danna na riƙe yadda Fanna ta koya mini, na kai bakina.

“Jama'ar zaure, Kellu ce, ta bayan kasuwar dabbobi, gidan da darbejiya ta karkata. Lambar nan mai bakwai uku a ƙarshe, ni na tsaya mata. In an zo nema, ni za a nema.”

Na saki yatsana, saƙon ya tafi. Na zauna a wurin, wayar tana jikin wuta, ina jira in ga wa zai fara saurara.